Yadda ake haɗa tawadar ƙarfe, da yadda ake hana ta cinye takarda

Duk wanda ya saba buɗe gafakar tsofaffin littattafai ya san irin wannan shafin: rubutun da ya kamata ya zama baƙi ya koma ruwan ƙasa, inuwar haruffa ta ɓullo ta bayan takarda, a wani wurin ma cikin harafin ya zube ya bar rami daidai da ƙirarsa. Akan ɗora laifin a kan gara ko asu. Amma gara ba ta bin layin rubutu. Ramin da ya bi siffar harafi aikin tawadar ce da kanta, kuma kusan ko da yaushe tawada ce mai ƙarfe a cikinta.

Wannan tawada ta fi shekara dubu tana hannun marubuta daga Bagadaza zuwa Landan. Da ita aka rubuta yarjejeniyar Magna Karta ta Ingila a 1215, da ita aka rubuta takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776. Littafin sana'ar rubutu da ake jinginawa Mu'izzu ɗan Badis, sarkin da ya mulki yankin Tunisiya ya rasu a 1062, cike yake da hanyoyin haɗa ta. A ƙasar Hausa ma malamai sun san tasu, ta bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. An so ta ne saboda abu guda: tana shiga cikin zaren takarda ta zauna. Tawadar zuge, wadda almajiri ke rubutu da ita a allo, garin gawayi ne da ƙaro ya manna a saman abin rubutu, shi ya sa ruwa ke wanke ta. Ta ƙarfe kuwa in ta kama, ruwa ba ya ɗauke ta, sai dai a kankare. Alƙali da ɗan kasuwa da mai kwafar Alƙur'ani duk abin da suke nema ke nan.

Ƙarfen da ke ba ta wannan ƙarfin shi ne kuma ke kashe takardar in ya yi yawa. Sana'ar gaba ɗaya a ma'auni take.

Abin da ke cikinta

Abu huɗu ne: tanin, gishirin ƙarfe, ƙaro, da ruwa.

Tanin shi ne sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a bagaruwa don jimar fata. A Turai da ƙasashen Larabawa ana samo shi daga afsu, wani ƙullutu mai kamar ƙaramin goro da ke fitowa a reshen itacen balluɗ idan wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro ya saka ƙwai a jikinsa. Mafi daraja shi ne na Halab a Siriya, wanda fiye da rabin nauyinsa tanin ne. A yau za ka same shi a wajen masu sayar da magungunan gargajiya na Asiya da sunan manjakani. In ba ka samu ba, bagaruwa ta wadatar, sai dai ƙarfinta bai kai na afsu ba, kuma baƙinta ya fi karkata ga ruwan ƙasa.

Gishirin ƙarfe shi ne zaji, wanda masana sinadarai ke kira feros salfet. Ƙananan duwatsu ne masu launin kore-kore mai haske, ana samunsu a shagunan kayan ɗakin gwaji da na kayan noma. Duba launinsa kafin ka saya. Idan ya koma rawaya ko ruwan tsatsa, iska ta riga ta taɓa shi, ka bar shi.

Ƙaro kuwa na dakwara ake so, mai tsabta, mai haske. Shi ke riƙe baƙin kada ya kwanta a gindin kwalba, shi ke sa tawada ta bi bakin alƙalami a hankali kada ta watsu a takarda.

Ga abin da ke faruwa idan suka haɗu. Tanin yana rarrabuwa ya ba da wani asid mai suna galik. Wannan asid ya kama ƙarfe, su zama sinadari mai narkewa a ruwa, marar duhu sosai, wanda ke kutsawa cikin takarda. Daga nan iskar oksijin ta hau kansa, ya rikiɗe ya zama baƙi mai ɗan shuɗi wanda ruwa ba ya narkarwa. Wanda ya taɓa ganin baduku yana shafa kuloko a jan fatar da aka jeme da bagaruwa, ta koma baƙa nan take, ya riga ya ga wannan aikin da idonsa. Sai dai haɗuwar tana barin wani abu a baya: sashen salfa na zajin yana zama asid ɗin salfa, irin wanda ke cikin ruwan batir. Kaɗan ne, amma yana nan cikin kowane harafi.

Haɗawa, mataki bayan mataki

Tanadi afsu giram 45, zaji giram 15, ƙaro giram 15. Wannan zai ba ka kusan rabin lita. Idan bagaruwa ce, cire 'ya'yan ka zubar, kwasfar ake so, ka auna giram 90 zuwa 100. Lura da rabon: kashi uku na afsu, kashi ɗaya na zaji. Wani likita ɗan Ingila, William Lewis, ya gwada ma'aunai daban-daban ya wallafa sakamakonsa a 1763, ya nuna cewa uku bisa ɗaya ne ke ba da rubutu mafi daɗewa. Har yau ba a kauce wa wannan ba sosai. Ka nemi ƙaramin sikeli, kada ka auna da ido ko da cokali.

Da farko daka afsun ko kwasfar bagaruwar. Ba sai ya zama gari ba, ɓarza ta isa. Afsu yana da tauri, ka naɗe shi a tsumma ka buga da guduma kafin ya shiga turmi.

Zuba ɓarzar a kwalba mai faɗin baki, ka ƙara ruwa kashi uku cikin huɗu na lita. Ruwan sama ne ya fi, wanda aka tara a buɗaɗɗen wuri ba wanda ya biyo tsatsar kwano ba. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ƙunshi gishirin ƙasa da ke sa tawada ta guntse. Rufe bakin kwalbar da ƙyalle ka ajiye a wuri mai ɗumi.

A nan hanya ta rabu. Mai gaggawa zai jiƙa kwana ɗaya ko biyu ya wuce mataki na gaba. Mai son baƙi na gaske zai bar shi sati biyu ko fiye, har furfura ta rufe saman ruwan. Kada ka tsorata da ita, ita ce ma'aikaciyar: tana fitar da wani sinadari da ke farfasa tanin ya koma asid ɗin galik, wanda ya fi ba da baƙi mai zurfi. Ni wannan hanyar nake zaɓa, domin duk baƙin da ka samu daga ɓangaren tanin ya rage maka kwaɗayin ƙara ƙarfe.

Kwashe furfurar, ka juye sauran a tukunyar ƙasa, ka dafa a ƙaramar wuta har ruwan ya ragu zuwa rabin lita. Tafasar tana ƙara fitar da tanin, tana kuma kashe furfurar. Kada ka yi amfani da tukunyar ƙarfe, don za ta ƙara maka ƙarfen da ba ka auna ba. Idan ya huce, tace da ƙyalle mai laushi sau biyu. Za ka samu ruwa mai launin baƙin shayi.

Tun daren jiya ya kamata ka jiƙa ƙaron da ka daka a ɗan ruwa kaɗan, don ba ya narkewa da wuri. Tace shi ma, saboda ɓawon itace da yashi.

Yanzu narkar da zajin a ɗan ruwan ɗumi, ka riƙa zubawa cikin ruwan tanin a hankali kana juyawa da tsinke. Nan da nan ruwan zai yi duhu. Ƙara ƙaron, ka juya, ka jefa kanumfari huɗu ko biyar don hana sabuwar furfura. Zuba a kwalbar gilashi, ka cika ta kusan baki don iska ta ragu, ka toshe. Bar ta kwana biyu ko uku kafin ka fara aiki da ita, kuma ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a kurtu, kada ka bar babbar kwalbar a buɗe.

Wajen gwaji ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Za ka ja layi da alƙalami ka ga ya fito fari-fari, toka-toka, zuciyarka ta ce ƙarfe bai isa ba. Kada ka ƙara. Ajiye takardar ka duba bayan minti goma, ka sake dubawa gobe. Tawadar ƙarfe a kan takarda take nuna, kuma takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta kai iyakar baƙinta. Marubutan dā da yawa sun faɗa wannan tarko. Johan Neevel, masanin sinadarai a Amsterdam, ya bi tsofaffin hanyoyin haɗa tawada sama da ɗari, ya tarar yawancinsu ƙarfen da ke ciki ya zarce abin da tanin ɗin zai iya kamawa. Wannan rarar ce ke cin littattafai a yau. Masu masana'antar tawada a Ingila sun magance matsalar farin farko ta wata hanya tun ƙarni na 19: suka riƙa zuba shuɗin rini a ciki don marubuci ya ga abin da yake rubutawa kafin baƙin ya taso. Kai ma kana iya ɗiga ɗan shuɗi in farin ya dame ka.

Idan gobe ta yi layin bai yi baƙi yadda kake so ba, tafasa wani ruwan tanin mai kauri ka ƙara. Idan tawadar na watsuwa, ƙara ƙaro kaɗan. Idan tana ƙyalli tana ɓarewa bayan ta bushe, ƙaro ya yi yawa, ka sirka da ruwan sama.

Wanda bai samu zaji ba yana iya bin hanyar gida: a wanke kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi a dafa ko a jiƙa tare da bagaruwa, ko a jiƙa ƙusoshin daban a ruwan khal na sati guda a tace a ɗiga. Wannan tawadar ba ta da asid ɗin salfa, kuma wannan alheri ne ga takarda. Aibinta shi ne ba ka san adadin ƙarfen da ya narke ba. Don haka ɗiga kaɗan, gwada, jira kwana guda, ka tsaya da zarar baƙin ya gamsar.

Gargaɗi biyu. Wannan tawada ba ta rubutun sha ba ce. Kada a rubuta ta a allo a wanke a ba wani, kuma a ɓoye zaji inda yara ba sa kaiwa, domin yawan gishirin ƙarfe guba ne mai iya kashe ƙaramin yaro. Na biyu, kada ka ɗura ta a alƙalamin zamani mai shan tawada. Ƙaro zai toshe shi, asid ya ci ƙarfensa. Alƙalamin kara ko na gamba shi ne abokinta.

Yadda take tsufa

Ɓarnar ta hanya biyu take zuwa, kuma suna taimakon juna. Asid yana yanka dogayen zaruruwan da takarda ta ginu a kansu, su gajarce, takarda ta rasa ƙarfi. Rarar ƙarfen da bai samu tanin ba kuma yana haɗa kai da iska da laima ya riƙa haifar da wasu sinadarai masu ƙona zaren takarda a hankali. Abin takaicin shi ne ƙarfen ba ya ƙarewa a wannan aiki, yana juyawa ne ya sake komawa, shekara bayan shekara. Idan zajin dā yana da gaurayen jan ƙarfe, kamar yadda na ma'adinai da yawa yake, ɓarnar ta fi sauri.

Alamun suna zuwa a jere. Da fari ido ba ya ganin komai, sai an haska fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita a ga wani haske kore-kore ya kewaye haruffa. Daga nan sai ruwan ƙasa mai haske ya fito a gefen rubutu da bayan takarda. Sai ya yi duhu har a iya karanta shafin ta baya, wani lokaci ya bar tambari a shafin da ke maƙwabtaka da shi. Sai tsagewa ta fara a wuraren da tawada ta taru: manyan haruffa, layin da aka ja a kan kuskure, adon da aka cike da baƙi. Ƙarshe gutsattsari su zube. Rubutun hannun Bach, mawaƙin Jamus da ya rasu a 1750, sun kai wannan hali a ɗakin karatu na Balin, har sai da aka yi gangamin ceto su a farkon shekarun 2000. A cikin littattafan Timbuktu ma ana samun shafukan da tawada ta ci haka.

Akwai kuma akasin wannan: tawadar da ba ta ci takarda ba amma ta koɗe. Haske ne babban mai yin haka. Takardar 'yancin Amurka ta yi shekara 35 a rataye a bango tana fuskantar taga a Washinton, daga 1841 zuwa 1876, yau da ƙyar ake karanta ta.

Ba kowane shafi ne ke lalacewa daidai ba. Fatar rubutu ta Turawa ta fi jurewa, don da ruwan farar ƙasa ake gyara ta, shi kuma yana kashe asid. Takarda mai kauri da aka yi da tsumma aka shafe da jalatin, wato gam ɗin da ake samu daga dafaffiyar fata da ƙashi, irin ta Italiya mai tambarin wata uku da fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa da Borno ta hamada, ita ma tana da juriya. Siririyar takarda da marubuci mai nauyin hannu kuwa, ba su daɗewa tare. Amma abin da ya fi komai tasiri shi ne laima. Ruwa ne ke ɗaukar asid da ƙarfe daga cikin harafi ya kai su sauran takardar. Damina guda a ɗaki mai yoyo tana iya yin ɓarnar da shekaru masu yawa na bushewa ba su yi ba.

Idan kana da irin waɗannan takardu a gida

Fara da dubawa, da hannu wankakke busasshe, a kan shimfiɗa mai tsabta. Ɗaga kowace warƙa da hannu biyu ko ka zura mata farar takarda mai kauri a ƙasa, kada ka kama ta ta kusurwa. Juya ka kalli bayanta, don can ne gaskiya take. Launin ruwan ƙasa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin akwai tawadar itatuwa da tun asali haka take. Inuwa a baya da kewayen ruwan ƙasa a gefen harafi su ne shaida. Masu gyaran takardu suna da wata 'yar takardar gwaji da ake ɗan jiƙawa a taɓa tawada da ita, ta koma ja mai ruwan hoda idan akwai sakakken ƙarfe, amma wannan aikinsu ne. Kai kada ka ɗiga ruwa ko ka shafa yawu a rubutu don gwaji.

Ware su gida uku: masu lafiya, masu inuwa a baya, da masu tsagewa. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, a hasken rana na inuwa, ka fara da mafi lalacewa. Daga nan duk mai son karatu a ba shi hoton. Yawan buɗewa da lanƙwasawa shi ke karya harafin da ya riga ya yi rauni.

Shafukan da suka fara tsagewa, sa kowanne a cikin ninkin farar takarda marar asid, ka kwantar da su, kada ka tsayar. Kada ka ɗaure tadarishi da ƙarfi a kansu. Ajiye littattafan a akwati ko kabad, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da taga da rufin kwano mai zafi. Gidajen adana takardu suna neman laima ta tsaya kusan kashi 50 cikin ɗari, da sanyi kusan digiri 18 zuwa 20. Gida ba zai kai wannan ba, amma ɗakin da ke tsakiyar gida, mai kaurin bango, wanda yanayinsa ba ya hawa da sauka, ya fi kowane. Kada ka ƙulle su a leda da damina, gumi zai taru a ciki. Da hunturu kuma takarda kan bushe ta yi ƙarau, a rage taɓa ta.

Abubuwan da ba a yi sun fi waɗanda ake yi muhimmanci. Kada ka manna salatef. Gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo, cire shi kuma yana tafiya da rubutu. Kada ka kai a yi laminatin, don zafi da roba suna kulle asid a ciki, kuma ba a komowa daga nan. Kada ka liƙa da koko ko gam mai ruwa, saboda danshinsa zai watsa ƙarfen. Kada ka shanya a rana. Kada kuma ka bi kan rubutun da ya koɗe da biro, ko ka shafa masa ruwan bagaruwa don ya farfaɗo. Gaskiya ne zai yi baƙi na ɗan lokaci, don ƙarfen na nan. Malaman Turai na ƙarni na 19 sun yi haka, irin su Angelo Mai na ɗakin karatun Batikan, suka shafa ruwan afsu a tsofaffin fatu don karanta rubutun da aka goge. Sun karanta, amma shafuka da yawa sun koma baƙin tabo da har yau ake fama da shi.

Maganin gaske yana hannun ƙwararru. Tun 1995 Neevel ya gabatar da wanka da sinadarin fitet, wanda ake samu a ƙwayar hatsi da dusa. Yana kama sakakken ƙarfen ya hana shi aiki, sai a bi da wani wanka mai alli da ke kashe asid ya bar kariya a cikin takarda, sannan a ƙarfafa ta da jalatin da siririyar takardar Japan. Aiki ne da ke buƙatar horo, domin wankan rabi da rabi ya fi rashin wanka illa, kuma littattafanmu sukan haɗa tawadar ƙarfe da ja da rawaya da ta zuge a shafi guda, waɗanda ruwa zai kwashe. Idan abin da ke hannunka ya kai matakin tsagewa, nemi shawarar wuraren da ke riƙe da irin waɗannan littattafai, kamar Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Ka tafi da hotunan tukuna, ka bar asalin a kwance a gida har sai sun gaya maka yadda za a ɗauko shi.